Telan da Ya Auna Wata da Tef

In kana neman mutumin da bai taɓa cewa "ban sani ba" tun da aka yanke masa cibiya, ka zo unguwar Ali Kazaure a Jos ka tambayi shagon Lukuman tela. Shagona na gyaran rediyo yana manne da nasa, saboda haka ni Jabir na sha cika bakinsa har na ƙoshi. A faɗarsa, ya taɓa ɗinka wa wani Balarabe alkyabba ba tare da ya auna shi ba, muryarsa kawai ya ji a waya. In ka kai masa yadi zai ce maka "jibi", kuma jibin Lukuman har yau ba a sa ta a kalanda ba.

Duk da haka Allah ya haɗa jininsa da Suwaiba, 'yar Malam Salim. Yarinya ce mai hankali, kuma unguwa ta rasa gane abin da ta gani a jikinsa. Ita dai takan ce, "Baki ne kawai da shi, amma zuciyarsa fara ce."

Malam Salim dattijo ne dogo, mai faɗin ƙirji, jikan waɗanda suka zo Jos haƙar kuza. Ba ya dogon zance. Da aka fara azumi sai ya taho shagon Lukuman da kansa, ya ajiye wata shadda ruwan toka wadda ta daɗe a akwatinsa tana shan kanfo.

"Babbar riga nake so, in sa ta zuwa idi," in ji shi. "In ka cika alkawarin riga, na san za ka iya riƙe alkawarin mace. Bayan Sallah sai ka turo magabatanka."

"Baba, ai ka gama magana," in ji Lukuman yana bugun ƙirji. "Ranar idi liman da kansa sai ya manta huɗuba yana kallonka."

Ni ma a makon na kai masa yadin wandona, don ba na jin magana.

Azumi ya yi ta tafiya. Mai aikin wuya ya gama nasa ya dawo da rigar, saura haɗi kawai. Lukuman ya kama ta da dogon zare, irin kamun da tela ke yi kafin ya hau keke, ya rataye ta a ƙusa. Kullum sai ya nuna wa mutane ita, kullum ba ya hawa keken.

To, akwai wani tsohon otal a gefen gari, Otal Dutsen Kuza, wanda Turawan haƙar ma'adinai suka gina da dutse tun zamanin kakanninmu. Tsohon ɗakin rawarsu yanzu an mai da shi gidan caca, wanda suke kira kasino. Lukuman ne ya ɗinka musu labulayen wannan ɗakin, manajan kuma, Mista Pwajok, ya ba shi tukuicin kwana ɗaya a otal ɗin duk ranar da ya ga dama. Kafin labarin ya iso majalisarmu, tukuici ya zama gayyata ta musamman.

"Sun matsa min lamba," in ji shi da hantsin ranar ashirin da tara ga azumi. "Sun ce hutun Sallah ba zai yi armashi ba sai babban baƙo ya kwana. Yau zan je, gobe da la'asar in dawo, in kwana kan keke. Jibi da asuba kowa ya karɓi kayansa."

"In aka ga wata yau fa?" na tambaye shi.

Ya dube ni kamar na zagi kakarsa. "Jabir, ka tsaya a kan rediyo. Ranar da watan nan ya tsaya na ɗaga tef na auna shi. Siriri ne, irin wanda ba ya sauka sai ya cika talatin. Ni da nake auna ƙugun alhazai, wata ne zai gagare ni?"

"Rigar Malam Salim fa, da wandona?"

"Aikin rabin dare ne. Ido rufe ma sai in yi shi."

Na ga ya fita da ƙatuwar jaka, amma ban kawo komai a raina ba. Ragowar labarin otal na haɗa shi ne daga bakin ma'aikatan wurin, da kuma bakinsa shi kansa, bayan na tace ƙaryar.

Ashe a bayan wani gidan mai ya tsai da mai keke napep ɗin da ya ɗauko shi, ya shiga ya sake shiri. Ya zura sabon wandona, wanda ko mazagi bai sa masa ba, ya ɗaure ƙugu da tef. Sannan ya rufa rigar Malam Salim a kan singileti. Lukuman gajere ne siriri, don haka rigar ta riƙa share ƙasa a bayansa, shi kuma yana tafe yana tattare hannuwa yana dafa kafaɗa irin na manya.

Mai gadi ya sara masa. Nan take kansa ya ƙara girma, ya ɗaga hannu zai amsa, hannun rigar ya maƙale a mariƙin ƙofa. Da ya fizga, bakin zaren kamu ya leƙo daga hammata. Ya cusa shi ciki da yatsa ya wuce.

A teburin karɓar baƙi ya tarar da wata budurwa mai fara'a, Firisila.

"Sannu da zuwa, oga tela," in ji ta.

"Alhaji," ya gyara mata. "A nan Alhaji nake. Ungo wayata ki ɗauke ni hoto a kan matakalar can, ki tabbata hoton Baturen nan mai gashin baki da ke jikin bango ya fito a bayana."

Ta ɗauke shi a matakala, ta ɗauke shi a gaban murhun dutse, ta ɗauke shi yana riƙe da jaridar Turanci. Ya zaɓi wanda ya fi kyau ya ɗora a waya don duniya ta gani, ya rubuta a ƙasa, "Gaisuwa daga inda manya ke hutawa." Sannan ya kashe wayar gaba ɗaya don kada masu kaya su dame shi. Ko kusa bai tuna cewa duk Ali Kazaure babu wanda bai san shaddar nan ba, tunda shi da kansa ya yi wata guda yana nuna ta.

Aka kai shi ɗaki can bayan gini, bango kaurinsa kamar na kurkuku. Ya ga bahon wanka mai ƙafafu da famfo biyu, ya ce wa mai rakiya ba ya buƙatar bayani, a irin wannan aka raine shi. Ya murɗa na farko ruwan ya kusa saɓule masa fata, ya murɗa na biyu ya ji kamar an jefa shi a kududdufin kuza da sanyin asuba. Ƙarshe a buta ya haɗa ruwan, ya yi wanka a tsaye cikin bahon Turawa.

Da aka sha ruwa ya sauko ɗakin cin abinci. Aka miƙo masa takardar abinci, ya sa yatsa a kan sunan da ya fi kowanne tsawo. Aka kawo masa ɗanyen ganye da aka yayyafa wa wani farin abu.

"Miyar fa?" ya tambaya.

"Shi ke nan, oga."

"Na sani. Gwada ka nake yi."

Ya tauna ganyen nan tas kamar zomo, yana gyaɗa kai wai daɗi, ya koma ɗaki ya buɗe jaka ya far wa burodin da ya tanada don sahur. Ya rataye katin kada a dame shi a ƙofa, ya bi lafiyar katifa.

Mu kuwa a unguwa, ana idar da isha rediyon shagona ya faɗi abin da kowane tela ke tsoro: an ga wata, gobe Sallah. Kafin ka ce kwabo, ƙofar shagon Lukuman ta cika. Mai kaftani, mai kayan yara, wata mata da atamfarta biyu, kowa na bugun kwaɗo kamar kwaɗon ne ya yi alkawarin. Waya a kashe. Sai wani ya ɗaga tasa wayar ya ce, "Ku zo ku ga Alhaji." Aka yi cincirindo a kan hoton. Ni dai ban kalli rigar ba, ƙasa na duba, na gane wandona.

Aka kai wa Malam Salim hoton. Ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa, ya miƙa wayar ya ce, "Aikin wuyan ya yi kyau."

Suwaiba ce kaɗai ta tsaya masa. "Ku ba ku san shi ba ne," in ji ta. "Ya tafi da ita ne don ya samu wuri shiru ya haɗa ta da hannu. Za ku ga ya iso kafin a tafi idi."

Rana ba ta ƙarya. Gari ya waye, Malam Salim ya tafi idi da rigarsa ta bara mai faci a aljihu, ni kuma na tafi da wandon da nake zaman shago da shi, mai ƙunar dalma a gwiwa. Ban taɓa jin haushin ɗan Adam a filin idi ba sai ran nan, Allah ya yafe mini.

A daidai lokacin, Lukuman ya sauko daga bene da azumi a bakinsa, yana jan carbi yana jan riga.

"Oga, barka da Sallah," in ji Firisila. "Kai ba ka je masallaci ba? Ina goron Sallah na?"

Ya yi mata murmushin tausayi. "Firisila, gobe ne. Ki tanadi gaisuwarki."

"A'a oga, wata ya fito jiya. Maƙwabcin mu ya kawo mana shinkafa tun da safe."

"Maƙwabcinku ya yi gaggawa. Ke da Kirsimetinku ba ta motsi daga inda aka kafa ta, ina kika san sha'anin wata? Ni na auna shi da hannuna."

Mai gadi ya ce masa barka da Sallah, ya ce masa gobe ne. Mai shara ta ce masa barka da Sallah, ya ce otal ɗin nan yana buƙatar malami. Ya hango iyalai sun fara shigowa lambu da sababbin kaya suna hotuna, ya ce wa kansa biki ake yi. Wajen azahar yunwa ta fara murɗa shi, don ganye ba ya riƙe ciki, sai ya ce bari ya leƙa ya ga yadda labulayensa ke ƙawata kasino.

Ɗakin duhu-duhu ne, fitilu ja da kore, labulaye masu nauyi sun rufe ƙofofin gilashi da ke kallon lambu. A tsakiya akwai tebur mai faifai da ake juyawa, ƙaramar ƙwallo na tsalle a ciki har ta faɗa kan wata lamba. Wani matashi mai suna Ifechi ne ke juya shi. Ɗan wasa ɗaya ne a wurin, wani ƙaton baƙo da ya zo hutu daga Fatakwal, Mista Robert.

"Alhaji, za ka buga?" in ji Ifechi.

"A'uzu billahi. Ina azumi. Shawara kawai nake bayarwa." Ya matsa kusa da Mista Robert. "Oga, sa a kan bakwai. Ni lissafi a jinina yake. Ko wata ni nake faɗa wa mutane ranar da zai fito."

Mista Robert ya dubi girman rigar, ya yarda. Ƙwallo ta faɗa wani wuri can nesa da bakwai.

"Ɗumi take yi," in ji Lukuman. "Yanzu sa a ja."

Ta faɗa a baƙi.

"Na faɗa maka ja ne, amma yaron nan bai iya juyi ba. Hannunsa ya karkace. Ni da nake juya keken ɗinki tun ina ƙarami, bari in nuna masa."

"Oga, abeg, kar ka taɓa," in ji Ifechi. "Ba a taɓawa."

Mu a lokacin mun riga mun iso. Keke biyu muka cika: ni, da masu kaya, da Malam Salim, da Suwaiba wadda ta nace sai ta biyo mahaifinta. Ta rungumo kular masa da miyar taushe, don a ganinta mutumin da ya kwana yana ɗinki da hannu zai kwaso yunwa. Muka tambayi Firisila, ta ce, "Alhajin ku yana kasino." Na ga hannun Suwaiba ya ƙara matse kular.

Malam Salim ya ce shi ƙafarsa ba za ta taka gidan caca ba, ranar Sallah ko ba ranar Sallah ba. Mista Pwajok ya ba mu haƙuri cikin ladabi, ya zagaya da mu lambu, ya tsai da mu a inuwa gaban wata ƙofar gilashi mai labule, ya tura Firisila ta kira shi.

Ta same shi ya ranƙwafa a kan faifan, ya kama kan tsakiyar ya murza iya ƙarfinsa.

"Oga, baƙin ka sun zo. Wani baba dogo, da yarinya mai kula."

Lukuman ya zabura ya miƙe. Bakin zaren nan na hammata, wanda ya cusa da yatsa jiya, ya zazzago ya naɗe a kan faifan. Faifai kuwa yana gudu, ya shiga jan zare kamar yadda keke ke naɗe shi. Hannun dama ya saki ya zube a kan tebur. Ya juya zai cafke shi, gefen hagu ya buɗe daga hammata har ƙasa. Ya kama gaba, baya ya sulale. Ifechi na ihun a tsaya, Mista Robert na dariya har da bugun tebur, ya manta da asararsa. Kafin faifan ya tsaya, babu abin da ya rage a jikin Lukuman sai aikin wuya yana reto a ƙirjinsa, da singileti mai huji. Garin kokawa tef ɗin ƙugu ya kwance, dole ya saki komai ya riƙe wandona da hannu ɗaya.

Da ɗayan hannun ya ruga ya cafki labule zai rufe jiki. Sai dai labulen ma ɗinkin Lukuman ne. Maɗaukan sama suka tsinke ɗaya bayan ɗaya, labule ya zubo gaba ɗaya, hasken rana ya cika ɗakin. Ga mu tsaye a bayan gilashi, mu da duk iyalan da suka zo yawon Sallah. Wata yarinya ta ja zanen uwarta ta ce, "Mama, wasa ake yi?"

Mista Pwajok ya buɗe ƙofar, ya dubi labulensa a ƙasa, ya dubi telan da ya ba tukuici.

"Barka da Sallah, Lukuman," in ji Malam Salim daga waje.

"Baba, ai gobe..." Sai idonsa ya sauka a kan hulunanmu, da lallen hannun mata, da yara masu balan-balan.

"To, mu dai mun yi tamu yau."

Wani da ya fi shi kunya da ya yi shiru, amma ban da Lukuman. Ya jawo labule ya yafa, ya gyara tsayuwa. "Baba, gwaji nake yi mata. Telan kirki ba ya ba da kaya sai ya gwada ƙarfin ɗinki."

"Ka gwada kuwa. Mun ga ƙarfinsa."

"Kuma wallahi ba caca na yi ba. Ka tambaye su, ko ruwa ban sha ba, azumi nake."

Malam Salim ya girgiza kai a hankali. "Azumi ranar Sallah, a gidan caca, cikin rigar mutane. Kai Lukuman, ko shaiɗan sai ya nemi a yi masa bayani."

Lambu ya ɗauki dariya. Mai kaftani ya ce a tambaye shi ko ya auna watan gobe. Matar atamfa ta ce ai gara da bai sa nata ba. Ni na ce, "Wandona fa?" aka ce in yi haƙuri, in ya cire shi a nan za a kama mu duka. Tsohuwar magana ce, kayan aro ba ya rufe katara, amma ban taɓa ganin ta da idona ba sai ran nan.

Suwaiba kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta roƙi Ifechi ya miƙo mata guntayen shaddar, ta karɓe su ɗaya bayan ɗaya tana ninkewa a kan hannunta. Ta miƙa hannu, Lukuman ya cire aikin wuyan ya ba ta ba tare da ya ɗaga kai ba. Sannan ta ajiye kular a bakin ƙofa.

"Ci," in ji ta. "Ba a azumi yau."

"Suwaiba, bari in yi miki bayani..."

"Tun jiya nake faɗa da mutane a kanka. Na ce kana nan ka duƙufa da allura, har na tausaya wa idonka. Baba ya tsaya a bakin ƙofa har aka kusa ta da sallah, ni na riƙe shi, na ce ya ƙara jira kaɗan." Ta gyara mayafinta. "In ka gama, ka aiko da kular ta hannun Jabir. Kada ka kawo da kanka."

Ta bi bayan mahaifinta. Daga nan dariyar ta ragu, mutane suka fara watsewa. Ni da na zo da niyyar shaƙe shi, sai na ji tausayinsa ya kama ni, abin har ya ba ni haushi. Na zauna kusa da shi a kan dakali, yana naɗe da labule, ya buɗe kular ya ci masar nan a hankali, kansa a sunkuye.

Rigar dai wani tela a unguwar Congo-Russia, mai suna Badung, shi ya haɗa ta, Malam Salim ya sa ta ranar Juma'a. Maganar magabata kuwa ba a sake tayar da ita ba.

Washegarin Sallah Lukuman ya kawo mini kular, ya wanke ta fes har tana ƙyalli. Ya ce zai raka ni don yana da wani babban aiki a wannan layin. Muna isa kwanar gidan Malam Salim ya ja ya tsaya, ya yi ta kallon ƙofar.

"Ka san wani abu, Jabir?" in ji shi. "Ni dama ban shirya aure bana ba, ayyuka sun yi min yawa. Kuma masar ma, in gaya maka gaskiya, gishiri ya yi mata yawa."

Na gyara riƙon kular na nufi ƙofar. Ina zaune kusa da shi lokacin da yake ci, na ga abin da ya riƙa ɗiga a ciki daga idonsa.